Kuran Daga: ina albarushin ya tafi?

Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, na gode wa waɗanda suka ajiye kabu-kabu, suka rufe shago, suka bar jarkokinsu a layin famfo suka zo. An ce in yi magana a kan soja. Da na ji haka sai da gabana ya ɗan faɗi, don kun san a Nijar ta yau maganar soja tafiya ce cikin ƙaya ba takalmi. Sai na ce to, bari in ɗauko kwamandan da ba mai cewa ina neman muƙami a wurinsa ko ina yi masa hassada, tunda ya fi shekara 120 a ƙasa. Sarkin Damagaram Amadu ɗan Tanimun, wanda muka fi sani da Kuran Daga.

Wani zai ce ai wannan sarki ne, ba soja ba. A wancan zamani sarkin Damagaram shi ne babban kwamandan rundunarsa. Akwai sarakunan yaƙi a ƙarƙashinsa, masu sarautu irin su Kaigama da muka gada daga Barno, amma shi ke cewa a fita, shi ke zaɓen inda za a dosa, kuma da kansa yake hawa doki. Sunan ma da muke kiransa da shi ba a fada ya samo shi ba, a fagen daga ya samo shi.

Abin da aka koya mini a lakwal game da shi bai wuce layi uku ba. Ya ƙi Turawa, ya kashe Cazemajou, Faransawa suka kashe shi a 1899. Da wannan layi uku na girma, kuma ina alfahari da su har gobe. Tun daga 2023, da muka ga sojojin Faransa sun naɗe tabarmarsu a watan Disamba na shekarar, sunansa ya dawo bakin matasa. Ina ganinsa a Facebook, ina jinsa a fada wajen shan shayi. Wannan abu ne mai kyau. Amma mutumin ya yi shekara 6 yana jan runduna, daga 1893 zuwa 1899, mu kuwa kwana biyu kawai muka riƙe daga ciki: ranar da aka kashe Bature, da ranar Tirmini. Yau ina so mu duba sauran kwanakin.

Mu fara da abin da ya gada. Mahaifinsa Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya yi sama da shekara 30 a kan gado, shi ya mai da Damagaram ƙasar da ake tsoro. Shi ya gina garun Birni, wanda har yanzu muke wucewa ta gefen ragowarsa, wasu ma suna ɗibar ƙasarsa. A zamaninsa a nan garin ake zuba igwa, a nan ake haɗa albarushi. Masu tarihi suna kawo adadin bindigogi kusan 6,000 da igwa wajen 40 a rundunarsa. Ku tsaya ku yi tunani: a garin nan da yau muke jiran allura daga waje, kakanninmu maƙera sun zuba igwa. Ayarin raƙuma na sauka a Zango daga Tarabulus ta Agadas, ana kawo bindiga da tufafi, ana tafiya da fata da gashin jimina.

Amma ba fata da gashin jimina kaɗai ake tafiya da su ba, kuma wannan ne ba mu son faɗi. Ana tafiya da mutane. Wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya zauna a garin nan a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da idonsa ya gani: an fita hari, an dawo da mutane a ɗaure, har da mata da yara, kuma ba daga wata uwa duniya aka kamo su ba. Rundunar wancan zamani ba ta da albashi a ƙarshen wata. Ganima ce ke riƙe da ita, ganima kuwa ita ce hatsin wani, shanun wani, ɗiyar wani. A cikinmu nan da muke zaune, akwai jikokin waɗanda suka hau doki, akwai jikokin waɗanda aka jawo a bayan doki. Dukanmu Damagarawa ne, kuma tarihin namu ne gaba ɗaya.

To, wannan runduna Amadu ya karɓa a 1893. Shekarar kuwa ba ƙaramar shekara ba ce. A cikinta Rabe ya ci Barno ya rushe Kukawa, daular da Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa. A cikinta kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Kano tsakanin Tukur da Yusufawa, wanda ya ƙare da Alu a kan gado. Wato sabon kwamanda ya hau ya tarar uban gidan da ke gabas ya faɗi, babban maƙwabcin da ke kudu yana cin kansa da kansa. A yamma kuma Faransawa suna ta matsowa, a 1894 sun riga sun shiga Tumbutu.

Kwamandan da ya sami kansa a haka, ina zai juya bakin igwarsa? Kuran Daga kudu ya juya ta. Ya kai yaƙi ƙasar Kano, aka gwabza da rundunar Sarki Alu har a Gezawa, wadda ba ta da nisa da birnin. Ta fuskar jarumta, ba mai ja. A ce runduna ta taso daga nan ta je ta girgiza Kano, ai dole a yi wa mai ita kirari. Amma bai ci birnin ba, bai riƙe ƙasar ba. Abin da aka samu shi ne ganima da suna. Abin da aka bari a baya shi ne ƙauyuka a ƙone da gaba tsakanin ƙasashe biyu masu harshe ɗaya, addini ɗaya, kasuwa ɗaya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Barno ya ƙone ƙurmus a gaban idon kowa, mu da Kano muka ci gaba da jan gemun juna.

Sai ga 1898. Wani kaftin na Faransa, Cazemajou, ya iso da ƴan sojoji kaɗan, kuma inda ya nufa shi ne wurin Rabe. Ku sa kanku a matsayin sarki. Baƙo ɗauke da bindiga ya ratso ƙasarka zai je ya gana da mutumin da ya rushe Kukawa. In suka haɗa kai, wa za a fara ci? Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive. Ni ban zo nan in yi wa Cazemajou kuka ba, ba mu muka gayyace shi ba. Amma akwai abin da ya biyo baya wanda ba a cika ba mu labarinsa ba. Ƴan tsirarun sojojinsa baƙaƙen fata da suka rage a sansaninsu ba su miƙa wuya ba. Sun yi kwanaki suna musayar wuta da mutanen gari, daga baya suka janye suka koma yamma, suka kai labari.

Jama'a, ga kwamanda wannan wasiƙa ce a buɗe. Mutanen da ba su cika tsakar gida ɗaya ba sun tsaya wa gari mai garu da igwa. Ma'anarsa bindigar da ke hannunsu ba irin tamu ba ce. Tamu sai ka ɗura albarushi ta baki, ka danna, ka harba sau ɗaya, ka koma ɗuri. Tasu kafin ka gama ɗuri ta yi magana sau da yawa, kuma daga nesa. Ma'anarsa kuma masu ita za su dawo, kuma ba su kaɗan ba. Daga wannan rana zuwa Tirmini an yi sama da wata 14.

Su wa suka dawo? A nan ne za mu ga wani irin kwamanda dabam. Kaftin Voulet da abokinsa Chanoine, wanda ubansa janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi a Faransa a 1898. Sun taso daga bakin kogin Kwara a farkon 1899, suna tafe suna ƙona garuruwa. A Lugu suka yi karo da Sarauniya a watan Afrilu. A Birnin Konni, a watan Mayu, suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Da labari ya kai Faransa, aka turo wani babbansu, Kanar Klobb, ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori wajen Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu da kansu suka juyo suka harbe Chanoine da Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, a kan hanyar Maradi, da yawa cikinmu sun wuce ta nan ba su sani ba.

Voulet shi ne kwamandan da ya kai matsayin da ba mai tambayarsa. Yana da bindiga, yana da ɗaurin gindi, yana nesa da duk wanda zai ce masa don me. Wanda ya zo tambayarsa ma harsashi ya samu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Rundunar ba ta watse ba. Laftana Pallier ya karɓe ta, tare da Joalland da Meynier, suka ci gaba da tahowa gabas. A ƙarshen watan Yuli 1899 Kuran Daga ya fita ya tare su a Tirmini, nan yamma da mu. A nan dole mu cire masa hula. Ya ji abin da aka yi wa Konni. Yana iya aika goro da raguna ya ce ku shigo lafiya, a bar shi a kan gadonsa. Bai yi ba, ya fita da dawakinsa da igwarsa. Amma lifidi da sulke an yi su ne don kibiya da mashi, ba don harsashi ba. Yaƙin bai ɗauki yini ba. Faransawa suka shigo Birni, sarki ya fice, suka bi sawunsa, a watan Satumba 1899 aka kashe shi a Rumji.

Ga abin da nake so ku lura da shi. A Tirmini ba mahayi ko ɗaya da ya zo daga Kano. Ba wanda ya zo daga Sakkwato. Damagaram ita kaɗai ta tsaya, ita kaɗai ta faɗi. Shekara 4 ba ta cika ba, a Fabrairu 1903, Ingilishi suka ci Kano, ita ma ita kaɗai. A Maris suka ci Sakkwato. Rabe kuwa tun Afrilu 1900 aka kashe shi a Kusuri, kuma cikin rundunonin da suka gama da shi har da wadda ta ci mu a Tirmini. Kowa ya yi jarumtarsa a ƙofar gidansa, kowa aka ci shi a ƙofar gidansa.

Kada ku fahimce ni a karkace. Ban ce da bai yaƙi Kano ba da ya kori Faransa ba. Samori ya fi shi daɗewa yana faɗa da su, shi ma a 1898 suka kama shi. Tazarar makami ta yi yawa. Abin da nake cewa shi ne, in za mu auna kwamanda, ba ranar mutuwarsa kaɗai za mu ɗora a sikeli ba. Za mu tambaya: albarushin da maƙeran garin nan suka haɗa, da dawakin da talakawa suka ciyar da hatsinsu, da samarin da iyayensu mata suka sallama, a kan wa aka ƙarar da su cikin shekara 6? Kirari ba ya amsa wannan tambaya. Aikin maroƙi ne ya zaɓi rana mafi kyau ya yi ta maimaitawa, kuma ba laifinsa ba ne, sana'arsa kenan. Mu kuwa ba maroƙa ba ne, ƴan ƙasa ne.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Aka naɗa Amadu ɗan Basa, a 1906 aka tuɓe shi bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi Kodebuwa, aka ɗora Ballama. Barikin da suka gina a kan duwatsu sunan Cazemajou suka sa masa. Garin nan ya zama babban birnin mulkinsu daga 1911, a 1926 suka ɗauke suka kai Yamai. Wanda ya biya kuɗin wannan duka ba mai rawani ba ne kaɗai, talakan da aka sa aikin tilas ne.

To me ya kawo wannan tsohon labari zamanmu na yau? Akwai wani abokina da muka taso unguwa ɗaya, fadarmu ɗaya, shi ke dafa mana shayi. Mun gama lise tare, ni na wuce jami'a, shi ya shiga soja, don gidansu ba mai ɗaukar nauyinsa. Yanzu yana can yamma, inda ake fama. Duk lokacin da aka ji an kai hari, mahaifiyarsa ni take kira, don ta san ina bin labarai a waya. Ba ta tambayata wane janar ne ya yi jawabi. Cewa take: ɗana, ka duba mini, an fitar da sunaye? Wallahi ranar da na fara jin wannan tambaya ne na daina kallon maganar soja kamar wasan ƙwallo, inda kowa ke da kulob ɗinsa.

Ku tuna. Ranar 10 ga Disamba 2019, a Inates, sojojinmu 71 suka kwanta dama. Wata guda bayan nan, ranar 9 ga Janairu 2020, a Cinagodar, 89. A cikin wannan shekara ta 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna kusan miliyar 76 na sefa sun salwanta wajen sayen kayan yaƙi, wasu ta hanyar ƙara farashi, wasu kayan an biya ba a kawo ba. Wannan fa a mulkin farar hula aka yi shi, kada wani ya ce ina jifan masu kaki kaɗai. Waɗanda suka fito a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 suna cewa a hukunta masu hannu a ciki, wasunsu watanni suka yi a gidan kaso. Tambayar da suka yi ita ce tawa ta yau: ina albarushin ya tafi? Kuma a ganina, a duk ƙasar nan ba wanda ya fi su ƙaunar ƙaramin soja a wannan rana.

Ƙasarmu ta ga juyin mulki sau 5: 1974, 1996, 1999, 2010, 2023. Ko muna so ko ba mu so, manyan hafsoshi suna tsakiyar rayuwarmu. Ɗaya daga cikin mafi girma a yau ma a garin nan aka haife shi, Janar Salifou Mody, wanda aka naɗa shugaban hafsoshin sojojin Nijar a Janairu 2020, kwanaki kaɗan bayan Cinagodar, daga baya ya zama ministan tsaro bayan 26 ga Yuli 2023. Ban kawo sunansa don yabo ko zagi ba. Na kawo shi ne don in ce ko ɗan garinmu ne, ko kakanmu ne mai kirari, ma'auni ɗaya ne. In mun iya yi wa Kuran Daga tambaya ba tare da mun rage masa daraja ba, to mai rai ma ana iya yi masa, cikin ladabi, ba tare da an zama maƙiyin ƙasa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini a ƙarƙashin rubutuna: ana yaƙi, ba lokacin tambaya ba ne, tambaya tana karya gwiwar soja. Ina girmama masu wannan ra'ayi, da yawansu kishi ne ke sa su. Amma ku tambayi duk wanda ya taɓa kwana a rami, me ke karya masa gwiwa? Ɗan farar hular da ya ce a nuna mana lissafi, ko motar da aka biya kuɗinta ba ta zo ba? Kuma na ce ku riƙe Voulet. Ba a haife shi da ƙaho ba. Abin da ya mai da shi abin da ya zama shi ne tafiya mai nisa ba mai ce masa don me. Duk rundunar da aka daina tambaya, ko ta wace ƙasa ce, wannan hanyar a buɗe take gare ta.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi sukutum a kan Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971. Ɗalibai nawa ne a nan suka taɓa buɗe shi? Mu nemo shi, mu karanta a fada, wanda ya iya Faransanci ya fassara wa wanda bai iya ba. Tirmini ba nisa, mu haɗa kuɗin mai mu je mu gani da idonmu. Tsofaffinmu na Birni da Zango da ƙauyuka suna da labaran da suka ji daga kakanninsu, kuma kullum ana binne su da su. Wayar da muke ɗaukar hoton kanmu da ita tana ɗaukar murya. Kuma in kun je, kada ku tsaya gidan sarauta kaɗai, ku shiga gidan maƙera, ku shiga gidan waɗanda aka kamo kakanninsu.

Sai na yau. Duk sojan da ya faɗi, muna so a faɗi sunansa, a sanar da iyayensa kafin su gani a WhatsApp, a biya matarsa da marayunsa haƙƙinsu ba sai sun yi shekara suna zarya a ofis ba. Duk kuɗin da aka ce na tsaro ne, muna so a sami wata hukuma da ke dubawa, ko da ba a karanta mana sirrin yaƙi a rediyo ba. In ka ɗora hoton wani kwamanda a shafinka, ba laifi, amma ka san inda ya yi aiki, da abin da ya faru da yaran da aka ba shi amana.

Ni dai Kuran Daga yana nan a zuciyata. Mutum ne da ya fita ya tari abin da ya fi ƙarfinsa, alhali yana da hanyar zama lafiya. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka faɗi tare da shi a Tirmini da ba wanda ya riƙe sunayensu, ya jiƙan mutanen Konni da na Lugu, ya jiƙan na ƙauyukan Kano da dawakinmu suka tattake. Allah ya tsare sojojinmu da ke daji a daren nan, ya maido wa kowace uwa ɗanta.

Na ga mai riƙe da agogo yana ta yi mini alama. Wanda ke da gyara ko ƙari, musamman dattawan da na hango a baya, fili naku ne.